EMIL FISCHER, MASANIN DA YA TONA ASIRIN SUKARI

A cikin manyan masanan ilmin sinadarai da ƙasar Jamus ta haifa, da wuya a sami wanda aikinsa ya ratsa rayuwar yau da kullum kamar na Emil Fischer. Ɗalibin da ke zana siffar sukari a kan allo, da mai harhaɗa magani da ke lura da irin ƙwayar da jiki zai karɓa, da malamin aikin gona da ke bayanin abin da ya sa saniya ke ƙoshi da ciyawa alhali mutum ba zai iya ba, dukansu a kan turbar da wannan bawan Allah ya share suke tafiya, ko sun san sunansa ko ba su sani ba. Tambayar da ya ɗauka ya yi ta fama da ita kuwa ita ce: yaya za a yi abubuwa biyu su zama kayan haɗinsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, amma halinsu ya bambanta? Ya amsa ta a zamanin da babu wata na'ura a duniya da za ta nuna wa mutum abin da yake nema. Da tunani da haƙuri ya kai ga amsar, kuma lafiyarsa ta tafi a kan hanya.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Hermann Emil Fischer ran 9 ga watan Oktoba, 1852, a garin Euskirchen da ke kusa da birnin Kolon a yammacin Jamus. Mahaifinsa, Laurenz Fischer, attajiri ne mai harkoki da dama, sunan mahaifiyarsa kuwa Julie. Emil shi ne auta, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu a cikin 'ya'yan gidan, saboda haka tun yana ƙarami aka ɗora masa ido a kan shi ne magajin dukiya. Ya yi karatu a garinsu, sa'an nan a Wetzlar da Bon, inda ya gama makarantar sakandare a 1869 da sakamako mai kyau ƙwarai.

Ransa ya fi kwantawa ga lissafi da ilmin fiziya, amma mahaifinsa ya tura shi koyon cinikin katako a wurin danginsu. Ba a daɗe ba aka gane cewa yaron nan ba ɗan kasuwa ba ne. Lissafin riba bai dame shi ba, hankalinsa yana can wajen gwaje-gwaje, ga shi kuma ciwon ciki ya kama shi yana ɗan shekara goma sha takwas. Daga ƙarshe uban ya haƙura, ya yanke cewa tun da yaron ba shi da wayon ciniki, gara a bar shi ya tafi jami'a. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A 1871 ya shiga Jami'ar Bon, inda ya saurari darussan mashahurin malami August Kekulé. Bayan shekara guda sai ɗan'uwansa Otto Fischer ya ja ra'ayinsa suka koma Strasbourg, garin da Jamus ta ƙwace daga hannun Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, ta kuma buɗe sabuwar jami'a a cikinsa. A can ya haɗu da Adolf von Baeyer, malamin da ya sa ya yanke shawarar ba da rayuwarsa ga ilmin sinadarai. Ya sami digirinsa na dakta a 1874 da bincike a kan wasu sinadaran rini.

A 1875 ya gano wani sinadari mai suna fenilhaidirazin. A lokacin shi kansa bai san iyakar amfaninsa ba. Wannan sinadari ne daga baya ya zama mabuɗin sukari a hannunsa, kuma shi ne gubar da ta riƙa cin jikinsa sannu a hankali. A shekarar ce Baeyer ya koma Munik, Fischer ya bi shi. Shi da Otto suka warware tsarin wasu launukan rini da masana'antun Jamus ke samun kuɗi da su. Sunansa ya fara fita, har aka ba shi kujerar shaihun malami a Jami'ar Erlangen a 1882. Kamfanin BASF ya nemi ya zo ya shugabanci ɗakin bincikensa, ya ƙi, domin dukiyar mahaifinsa ta wadatar da shi, kuma koyarwa ta fi masa. A 1885 ya koma Jami'ar Würzburg, inda ya yi aikin da ya fi shahara da shi.

Matsalar Hannun Dama Da Na Hagu

Kafin a gane girman aikin, dole ne a san inda ilmi ya tsaya a wancan lokaci. Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira zarra. Idan zarra da dama suka haɗu suka ƙulla da juna, sai su zama dunƙule guda, watau mafi ƙanƙantar yanki na wannan abu. Dunƙulen gulukos, sukarin da ke cikin jinin mutum da zuma da inabi, yana da zarrar kabon 6, ta haidirojin 12, ta oksijin 6. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, furuktos na 'ya'yan itatuwa, da galaktos da ake samu daga sukarin madara, su ma lissafinsu ke nan daidai, ba ragi ba ƙari. Amma zaƙinsu daban, yadda suke narkewa daban, yadda yisti ke cin su daban.

An riga an sami alamu. Tun 1815 Bafaranshe Jean-Baptiste Biot ya lura cewa idan aka tace haske ya zama yana kaɗawa ta fuska guda, aka ratsa shi ta cikin ruwan wasu sinadarai, sai hasken ya karkata, wani zuwa dama, wani zuwa hagu. Gulukos dama yake karkatar da shi, furuktos kuwa hagu. A 1848 Louis Pasteur ya raba ƙwayoyin wani gishiri gida biyu da ɗan hantsaki, ya ga kowane kashi kamar hoton ɗayan ne a madubi. Sa'an nan a 1874 wani matashi ɗan Holan, Jacobus van 't Hoff, da wani Bafaranshe, Joseph Le Bel, kowa a nasa gefen, suka kawo bayani. Suka ce zarrar kabon tana da hannuwa huɗu, kuma ba a shimfiɗe suke kamar zane a takarda ba, a'a, sun miƙe ne zuwa kusurwoyi huɗu a sarari. Idan abubuwa huɗun da take riƙe da su duka sun bambanta, to ana iya jera su ta hanya biyu, kuma duk yadda aka juya ɗaya ba zai zama ɗayan ba.

Misalinsa a jikin kowa yake. Hannun dama da na hagu yatsunsu biyar biyar ne, jerinsu ɗaya, amma takalmin ƙafar dama ba ya shiga ta hagu daidai. Manyan malamai da yawa sun ɗauki wannan ra'ayi tamkar mafarkin yara, domin babu wanda ya taɓa ganin zarra, balle hannuwanta.

A cikin gulukos, kabon shida ɗin a jere suke kamar sarƙa, kuma huɗun tsakiya kowannensu yana riƙe da abubuwa huɗu mabambanta. Kowanne yana iya zama na dama ko na hagu. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu, sha shida ke nan. Watau bisa ga ra'ayin van 't Hoff, akwai sukari iri 16 masu wannan tsari, takwas da madubinsu takwas. To, wanne ne a cikinsu gulukos? Wannan ita ce tambayar.

Yadda Ya Warware Ta

Wahalar farko ita ce sukari ba ya son tsayawa a kama shi. Idan aka dafa shi a ɗakin gwaji sai ya zama maɗi mai yauƙi, a kasa raba wani da wani, a kasa auna shi. A 1884 Fischer ya gano cewa idan aka haɗa sukari da fenilhaidirazin, sai wasu ƙwayoyi rawaya su fito, masu tsabta, waɗanda ake iya tacewa a busar a auna zafin da ke narkar da su. Ya kira su osazon. Da wannan dabara kowane sukari ya sami shaidar da za a gane shi da ita.

Sa'an nan wani abin mamaki ya bayyana. Gulukos da manos da furuktos, duk da bambancinsu, osazon iri ɗaya suke bayarwa. Fischer ya san cewa fenilhaidirazin kabon na ɗaya da na biyu kawai yake taɓawa. Saboda haka ya gane cewa daga kabon na uku zuwa na shida waɗannan sukari uku tsarinsu ɗaya ne, kuma gulukos da manos a kabon na biyu kaɗai suka rabu.

Ya kuma ɗauki wata hanya da Heinrich Kiliani ya fara, ya inganta ta, wadda ake ƙara wa sarƙar sukari kabon guda da ita. Ya yi amfani da ita a kan arabinos, sukari mai kabon biyar wanda ya samo sunansa daga ƙaro, wannan da ake ɗiba a jikin itacen dakwara a Sudan da Chadi da arewa maso gabashin Nijeriya. Da aka ƙara wa arabinos kabon, sai aka sami sukari biyu, irin gulukos da irin manos. Arabinos na cikin tsiro madubin waɗannan biyun yake bayarwa, amma hujjar ba ta sauyawa.

Makaminsa na uku shi ne ruwan asid mai ƙarfi, wanda ke mayar da ƙarshen sarƙar biyu su zama iri ɗaya. Idan aka yi haka, aka ga abin da ya fito ya daina karkatar da haske, to rabinsa na sama madubin rabinsa na ƙasa ne, ɗaya ya soke ɗaya. Idan kuwa ya ci gaba da karkatarwa, to ba su yi daidai ba.

Ga yadda ya ɗinka hujjojin. Ya fara da cewa bari a ɗauka kabon na biyar na gulukos na dama ne. Arabinos da aka daidaita ƙarshensa bai daina karkatar da haske ba, saboda haka kabonsa na sama dole ya saɓa wa na ƙasa, watau na hagu ne, kuma shi ne ke zama kabon na uku a gulukos da manos. Sa'an nan gulukos da manos dukansu biyu, bayan an daidaita ƙarshensu, sun ci gaba da karkatar da haske. Da kabon na huɗu na hagu ne, da ɗaya daga cikinsu ya zama dama, hagu, hagu, dama, wanda rabinsa madubin rabi ne, da kuwa ya daina. Tun da babu wanda ya daina, kabon na huɗu na dama ne. Saura siffa biyu ke nan: dama, hagu, dama, dama, da kuma hagu, hagu, dama, dama. Ɗaya gulukos, ɗaya manos.

Nan ne ya nuna gwaninta. Ya lura cewa siffa ta biyu, idan aka juya ta aka mai da kai ƙafa, ita ce dai take dawowa. Ta farko kuwa idan aka juya ta, wani sabon sukari take zama. Sai shi da mataimakansa suka musanya ƙarshen gulukos biyu a ɗakin gwaji, wani sukari dabam ya fito wanda ba a san shi ba, ya raɗa masa suna gulos. Magana ta ƙare: gulukos shi ne dama, hagu, dama, dama. Ya buga wannan sakamako a 1891.

A shekarar ce kuma ya fito da hanyar zana waɗannan siffofi a takarda, inda ake tsayar da sarƙar kabon daga sama zuwa ƙasa, a sa abin da ke dama a dama, na hagu a hagu. Har yau da sunansa ake kiran wannan zane, kuma babu ɗalibin ilmin sinadarai ko na likitanci da zai gama jami'a bai koye shi ba.

Abu guda ne ya rage wanda hujja ba ta iya yankewa a lokacin, watau zaton farko da ya yi cewa kabon na biyar na dama ne. Shi kansa ya bayyana cewa zaɓi ne kawai, yana iya zama daidai, yana iya zama madubin gaskiya. Aka zauna a kan haka shekara sittin. Sai a 1951 Johannes Bijvoet da abokan aikinsa a Jami'ar Utrecht ta Holan suka auna abin da hasken eksire, aka tarar zaɓin Fischer ya faɗa daidai.

Bai tsaya ga bayani ba. Tun 1887, tare da Julius Tafel, ya fara gina sukari daga ƙananan sinadarai, kuma ya zuwa 1890 ya haɗa gulukos da manos da furuktos da hannunsa, yana farawa daga gilisarin. Ya ci gaba har ya samar da akasarin sukari goma sha shidan nan, waɗansunsu babu su a cikin tsiro ko dabba, ya kuma tsawaita sarƙar har zuwa kabon tara. Adadinsu da halayensu suka zo daidai da lissafin van 't Hoff, masu shakka suka rasa abin cewa.

Kwaɗo Da Mabuɗi

Da ya tara waɗannan sukari a kwalabe, sai ya ba yisti su ya ga wanne zai ci. Yisti ya cinye gulukos da manos da furuktos na ainihi, amma madubinsu ko kallo ba su ishe shi ba. Ya sake gwadawa da wasu sinadarai biyu da ya haɗa daga gulukos, waɗanda a wuri guda kawai suka bambanta. Sinadarin narkarwa da ke cikin yisti ya fasa na farko ya bar na biyu, wanda ake samu a cikin ƙwayar almon kuwa ya fasa na biyu ya bar na farko. A 1894 ya kammala cewa dole sinadarin narkarwa, wanda masana ke kira enzayim, ya dace da abin da zai yi aiki a kansa kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwaɗonsa.

Wannan magana ita ce ta buɗe fahimtar abubuwa da yawa. Sitaci na gero da dawa da rogo, da zaren auduga da ƙarar ciyawa, duka gulukos ne aka jera dubbai. Bambancinsu yana ga fuskar da aka ƙulla kowane dunƙule da na gabansa. Cikin mutum yana da mabuɗin ƙullin sitaci, ba shi da na ciyawa, shi ya sa tuwo ke ƙosar da shi, kara ba ya yi. Saniya ma ba ta da wannan mabuɗi da kanta, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke yi mata aikin. A kan wannan tushe ne kuma masu ƙera magunguna suke kula da ko ƙwayar maganinsu ta dama ce ko ta hagu. Masanan da suka biyo baya sun gyara misalin, sun nuna cewa kwaɗon yakan ɗan sauya siffa idan mabuɗi ya shiga, amma ginshiƙin maganar yana nan.

Zamansa A Barlin

A 1892 aka kira shi Jami'ar Barlin ya gaji kujerar August Wilhelm von Hofmann, wadda ta fi kowace kujerar ilmin sinadarai daraja a Jamus. Ya nace sai an gina masa sabon ɗakin bincike, aka kuwa gina, aka buɗe shi a 1900. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Ingila da Amurka da Japan da sauran ƙasashe. A cikin waɗanda suka ratsa ta hannunsa akwai Otto Diels da Otto Warburg, waɗanda daga baya kowannensu ya ci Lambar Nobel.

Tun yana Erlangen yake bin sawun wani dangin sinadarai da ya haɗa da kafin, abin da ke hana barci a cikin gahawa da shayi da goro. Ya nuna cewa kafin, da sinadarin koko, da asid ɗin da ke taruwa a gaɓoɓin masu ciwon gawut, duka daga uwa ɗaya suke, ya sa mata suna furin a 1884. Ya haɗa kafin a ɗakin gwaji a 1895, furin ɗin kansa kuma a 1898. Biyu daga cikin haruffa huɗu da aka rubuta gadon halitta da su a cikin ƙwayar DNA 'yan wannan dangi ne. Saboda aikinsa a kan sukari da furin aka ba shi Lambar Nobel ta ilmin sinadarai a 1902. Shi ne mutum na biyu da ya karɓe ta, na farkon kuwa van 't Hoff ne, wanda Fischer ya gaskata ra'ayinsa.

Daga 1899 ya juya kan furotin, abin da ke gina tsoka, wanda ake samu a nama da ƙwai da wake. Ya rarrabe tubalan da aka gina shi da su, ya nuna irin ƙullin da ke haɗa tubali da tubali, har a 1907 ya jera guda 18 a sarƙa ɗaya. A 1903 shi da likita Josef von Mering suka fito da maganin barci mai suna Veronal. Yana kuma cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka aka kafa Ƙungiyar Kaiser Wilhelm ta bincike a 1911, wadda bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta koma Ƙungiyar Max Planck.

An san shi da tsanani a wajen aiki. Yakan zagaya teburin kowane ɗalibi ya tambayi abin da aka samu, kuma ba ya karɓar sakamakon da ba a tabbatar ba. Yana da nasa rauni irin na mutanen zamaninsa. Sa'ad da Lise Meitner ta zo Barlin a 1907 don yin aiki da Otto Hahn, Fischer bai yarda mata su shiga ɗakunan gwajinsa ba, sai aka ajiye ta a wani tsohon ɗakin kafinta a ƙarƙashin ginin, mai ƙofar kansa ta waje. Bayan da gwamnatin Furusiya ta buɗe wa mata jami'o'i ne ya janye wannan doka, daga baya ma ya taimaka mata.

Baƙin Cikin Ƙarshen Rayuwa

A 1888 ya auri Agnes Gerlach, 'yar wani shaihun malamin ilmin sassan jiki a Erlangen. Suka haifi 'ya'ya maza uku. Shekara bakwai kacal suka yi tare, ta rasu a 1895, bai sake aure ba. Shi kansa shekarun da ya yi yana shaƙar fenilhaidirazin sun bar masa ciwon fata da na ciki waɗanda ba su rabu da shi ba.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Fischer yana cikin masana da marubuta 93 da suka sa hannu a takardar goyon bayan sojojin Jamus. Ya ba gwamnati lokacinsa da iliminsa, ya zauna a kwamitocin samar da sinadaran yaƙi da abincin da zai maye gurbin wanda takunkumin jiragen ruwa ya hana shigowa. Amma tun kafin yaƙin ya ƙare ya gane cewa ƙasarsa ta hau hanyar da ba ta ɓullewa, ya yi nadamar hannun da ya sa. Yaƙin bai bar gidansa ba. Ɗansa Walter, wanda horon soja ya taɓa masa hankali, ya kashe kansa a 1916. Ɗansa Alfred, likitan soja, zazzaɓin taifus ya kashe shi a Rumaniya a 1917. Babban ɗan, Hermann, shi kaɗai ya tsira, ya gaji sana'ar uban, ya zama shaihun malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ya rasu a 1960.

A 1918 Fischer ya zauna ya rubuta tarihin rayuwarsa, wanda aka buga bayan mutuwarsa. A 1919 likitoci suka shaida masa cewa yana da ciwon dajin hanji wanda ya wuce a yi masa aiki. Ya tsara takardunsa, ya ba da dukiya domin taimakon matasan masu bincike, ya kawo ƙarshen rayuwarsa da kansa ran 15 ga watan Yuli, 1919, a gidansa da ke Wannsee kusa da Barlin, yana da shekara 66. A 1921 aka kafa mutum-mutuminsa a birnin.

Abin Da Ya Biyo Baya

A shekarar da ya mutu, Francis Aston ya ƙera wata na'ura a Kambirij ta ƙasar Ingila, wadda ke auna nauyin zarra ɗaya ɗaya. Yadda take aiki shi ne, a ɗora wa ƙwayoyin cajin lantarki, a harba su cikin bututun da aka zuƙe iskarsa, a ratsa su tsakanin lantarki da maganaɗisu. Mara nauyi ya fi lanƙwasawa, mai nauyi ya fi miƙewa, kowanne ya faɗa a nasa wuri gwargwadon nauyinsa da cajinsa. Da ita Aston ya tabbatar cewa iskar niyon iri biyu ce, mai nauyi 20 da mai nauyi 22, aka ba shi Lambar Nobel a 1922. Jikokin wannan na'ura ne ake binciken jinin jarirai da tsabtar magunguna da fitsarin 'yan wasa da su a yau.

Sai dai duk ƙwarewarta, idan nauyi kaɗai aka tambaye ta, gulukos da manos da galaktos duka 180 za ta ce. Kafin a bambanta su, sai an fara raba su ta wata hanya, ko a farfasa su a duba yadda kowanne ke karyewa, kuma wanda zai karanta sakamakon sai ya san dama da hagun da ke cikinsu. Haka nan Norman Haworth na Birmingham ya nuna a shekarun 1920 cewa a cikin ruwa sarƙar gulukos takan naɗe ta zama zobe, aka ba shi Lambar Nobel a 1937. Amma da aka duba zoben, kowane kabon yana fuskantar inda Fischer ya ce yana fuskanta tun 1891.